Garin da Yaya Ya Dama Mini

Sansanin horo,
Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar? Yaya kunnen? Tun da kin ce waya tauna miki magana take yi, na koma biro da takarda kamar yadda kika umarta, sai dai ki yi haƙuri da rubutuna, kin san kaji sun fi ni iya shi. Ki gaishe mini da Goggo, da mai shagon bakin layi wanda har yau bai san ina da wani suna ban da Barewa ba.

Mun iso lafiya, yau kwanana goma sha biyu. Mu goma sha takwas ne, kowa ɗan gudun fanfalaki, kuma a nan za mu zauna har mako goma kafin tseren tantancewa. Mutum uku na farko su ne za su tafi gasar ƙasashe. Inna, shekarata talatin da uku, na fi kowa tsufa a nan, har suna ce mini Kawu. Na san wannan ne karona na ƙarshe.

Ɗakinmu yana hawa na biyu, gado biyu da kabad ɗaya mai ƙofar da ba ta rufuwa. Abokin kwanana wani ne da muke kira Dogo, mutumin kirki, sai dai takalminsa kaɗai ya isa ya kori sauro daga ginin nan gaba ɗaya. Yaya kuwa ɗakinsa yana ƙasa, kusa da ofis. A nan ba na ce masa Yaya, Koci nake cewa kamar kowa, kuma ba ya raga mini ko kaɗan. In kin ga yadda yake rataye usur a wuya yana daka mana tsawa, ba za ki ce shi ne yake sata mini suga a kicin ɗinki ba. Ba shi kaɗai ne mai horarwa a nan ba, kowanne da mutanensa, kuma an ce in ɗaya daga cikin nasa ya haye, shi za a ba babban koci na ƙasa. Kin ga ke nan gudun nan na mu biyu ne.

Akwai abin da nake so in faɗa miki, amma kada ki ɗaga hankalinki. Gajiya ce ta sa ni gaba. Ba irin gajiyar da na sani ba, wadda mutum zai kwanta ya tashi garau. Wannan da ita nake farkawa. Matakalar ɗakinmu ashirin da biyu ce, ni da nake cinye kilomita talatin kafin karin kumallo, yanzu sai na tsaya a tsakiya na dafa bango, zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Wani abin dariya kuma, kwaɗayin ƙanƙara ya kama ni. Sai in bi mai dafa mana abinci in roƙe ta, in zauna ina gurgura kamar ɓera.

Na gaya wa Yaya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shekaru ne da ƙarancin abinci mai gina jiki, ba wani abu ba. Washegari sai ga shi da wata ƙatuwar roba, ta kai bokitin wankanki, cike da garin furotin, wato abin da ke gyara tsoka bayan wahala. Ya haɗo da akwatin bitamin mai gida bakwai, kowace rana da nata. Da hannunsa yake dama mini, cokali biyu a gora, ya girgiza, ya tsaya a kaina sai na shanye. An rubuta a jiki wai ɗanɗanon ayaba ne. Wanda ya rubuta haka bai taɓa cin ayaba ba, alli ne da suga.

Amma wallahi da na ga yana girgiza gorar nan sai da ƙwalla ta zo mini. Na tuna bayan rasuwar Baba, yadda yake bi na da keke a bayan makaranta yana ƙirga mini zagaye, yana cewa in na tsaya zai taka ni. Duk abin da na zama a harkar nan shi ne sila. Ki sa mu a addu'a mu duka biyu.

Ki huta lafiya.
Ɗanki,
Auta


Sansanin horo,
Juma'a da yamma.

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso, safar ta yi mini daidai, na gode, Allah ya ƙara girma.

Kin tambayi gajiyar. Mako uku na yi ina shan garin nan safe da yamma, bitamin kuwa har fitsarina ya koma ruwan ɗorawa, amma ba abin da ya canja. A gwajin kilomita ashirin na zo na goma sha huɗu. Likitar sansanin, wata mata mai gilashi da ba ta da yawan magana, ta tare ni a bakin ɗakin cin abinci, ta ja fatar idona ta leƙa, ta kama hannuna ta dubi farcena. Ta ce in zo ranar Litinin ta ɗebi jinina.

Ban je ba. Yaya ne ya hana. Ya ce likitoci ba sa rasa abin gani, in ta rubuta ko layi ɗaya za a cire sunana daga tseren, shi ke nan na gama. Ya ce in bari sai bayan tsere, shi da kansa zai kai ni asibiti. Na ga kamar yana da gaskiya, don haka duk inda na hango farar rigarta sai in sauya hanya.

Bayan kwana biyu ya hau ɗakinmu da wata 'yar leda, babu rubutu a jikinta, da farin gari a ciki kamar gishiri. Ya ce bitamin ne mai ƙarfi, wani abokinsa ya kawo masa daga waje. Ya juye a cikin robar furotin ɗina, ya sa cokali ya gauraya. Dogo yana kwance a gadonsa yana kallo. Na ce, "Yaya, ba a ce kada mu sha abin da ba shi da suna ba?" Sai ya ajiye cokalin ya ce, "Auta, ni zan cuce ka? Nonon da ka sha shi na sha." Kunya ta kama ni, na ba shi haƙuri.

Inna, kwana goma ban ƙara ba na ji kamar an sake mini ƙafafu. Na koma hawa matakala bibbiyu. Jiya a gwajin kilomita talatin ni na zo na uku, Yaya ya dubi agogo ya sake duba, ya juya baya don kada a ga yana dariya. Masu ce mini Kawu sun yi tsit.

Sai dai ban san kaina ba kwanan nan. Ƙuraje sun feso mini a baya, ga saurin fushi. Shekaranjiya na yi wa mai dafa abinci ihu a kan ƙwai ɗaya, matar da ta haife ni a shekaru, wadda take ɓoye mini ƙanƙara. Na je na durƙusa na roƙe ta gafara, amma har yanzu ba ta kallon fuskata. Gwiwata ta hagu kuma tana damuna, ina shan maganin ciwo uku a rana kamar yadda na saba tun bara, ko da cikina babu komai.

Dogo ya ce mini shi ba zai taɓa shan abin da ya fito daga leda ba, ko da ubansa ne ya ba shi. Na ce masa ai shi ba shi da wa irin nawa.

Saura mako huɗu. Ki gaida Goggo, ki ce mata ta tanadi guɗa.

Naki har kullum,
Auta


Ɗakin masauki,
Talata.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki ba kowa ya taya ki.

Na san kin ga tseren a talabijin ɗin maƙwabta, an gaya mini kin tashi tsaye ba sanda lokacin da na shigo na biyu. Ni ma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Yaya ya rungume ni a bakin layi yana kuka, ya ɗaga ni sama kamar ƙaramin yaro. Daga nan wani jami'i ya tafi da mu uku wani ɗaki, aka ba kowa kwalba biyu ya yi fitsari, aka rufe, muka sa hannu. Ina ta raha da su, don ban san ina da abin ɓoyewa ba.

Ranar Alhamis da ta wuce aka kira ni ofis. Sakataren hukumar wasanni ya miƙo mini takarda ba tare da ya ce in zauna ba. An sami haramtaccen maganin ƙara kuzari a fitsarina, mai wani dogon suna da na kasa karantawa. An dakatar da ni, an ce in kwashe kayana kafin yamma, in jira zaman kwamiti nan da mako uku. Na hau sama da gudu don in ɗauko robar in kai musu su auna. Babu ita. Akwatin bitamin yana nan, gorata tana nan an wanke ta tas har tana ƙamshin sabulu, amma inda robar take zama sai zagayen ƙura a kan kabad. Dogo ya ce Koci ne ya shigo tun da safe ya ɗauka. Tun da safe, Inna. Ya san da takardar kafin ni.

Ina saukowa da jakata likitar nan ta tsayar da ni. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce tun da yanzu ba abin da za a cire ni daga ciki, in zo ta ɗebi jinin. Jiya na karɓi sakamako. Jinina ne ya yi ƙasa sosai. Maganin ciwon gwiwar nan da nake sha ba abinci ya ci mini ciki, ya yi gyambo, yana tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan wata da watanni. Shi ne gajiyar, shi ne bugun zuciyar, har kwaɗayin ƙanƙarar ma ta ce alamarsa ce. Na tambaye ta mene ne maganinsa. Ta buɗe durowa ta fito da wasu 'yan jajayen ƙwayoyi na ƙarin jini, irin wanda ake ba masu juna biyu a kowane asibitin unguwa, da na gyambon ciki. Ta ce da na zo ranar Litinin ɗin da ta fara cewa in zo, da na ji sauƙi kafin tsere, kuma ba wanda zai cire sunana. Ta ce ko buhu goma na furotin na sha ba zai toshe inda jini yake zuba ba, wancan farin garin kuma rufe gajiyar kawai ya yi, ya bar ni ina gudu da jikin da ya kamata a kwantar. Na zauna a kujerarta ina jujjuya ƙwayoyin a tafin hannu.

Da yamma Yaya ya zo masaukin da na kama. Bai zauna ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota. Ya ce shi ma yaudararsa aka yi. Na ce to mu je mu faɗa musu haka. Sai ya ce in an ji daga hannunsa abin ya fito, korarsa za a yi har abada, ni kuwa ko yaya aka yi sai an hukunta ni, tun da a jikina aka samu. "Me ya sa za mu nutse mu biyu?" Haka ya ce. Yana so in ce a kasuwa na saya da kaina, ban gaya wa kowa ba.

Na dube shi na ga furfurar da ta fara fito masa a gemu, irin ta Baba sak. Na ce ya fita.

Inna, gaskiya zan faɗa. Lauyan 'yan wasa ya ce in na nuna inda abin ya fito, kuma aka yarda ban sani ba, hukuncin zai iya sauka zuwa shekara ɗaya, in dawo da sunana a wanke. Dogo ya ce zai tsaya mini shaida ko da za a kore shi. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, ke kika rene ni, kin sani. Ba zan iya tsayawa gaban mutane in ce ni macuci ne ba. Addu'arki kawai nake nema.

Ɗanki,
Auta


Asabar, bayan na taso daga aiki.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, ina fata kina lafiya, ke da Goggo da kowa. Ki yafe mini shirun wata uku. Takardunki duka biyun sun same ni, ta kafin zaman kwamiti da ta makon jiya. Na sha ɗaukar biro in ajiye.

Ta farkon na karanta ta har ta yage a wajen ninki. Kin ce in rufa wa ɗan'uwana asiri. Kin ce shi yana da 'ya'ya biyar ni ko aure ban yi ba, kin ce shi ya tsaya mana lokacin da Baba ya tafi, kin ce ni dama gudun ya kusa ƙare mini. Kin ce in na tona shi ba za ki iya fita ƙofar gida ba. A ƙarshe kika rubuta cewa in ina neman albarkarki in yi shiru. Ban taɓa tsammanin za ki ɗora albarka a kan wannan ba, Inna. Kin san ba ni da abin da zan ce bayanta.

To, na yi yadda kika ce. Bari in gaya miki yadda aka yi, tun da shi na san ba zai faɗa ba.

Ɗaki ne mai dogon tebur, mutum biyar a gefe ɗaya, ni kaɗai a ɗaya gefen, ga fanka tana ƙara a sama. Dogo ya zo tun da wuri, ya sa rigarsa mai kyau, yana zaune a benci a waje yana jira a kira shi. Shugabar kwamitin ta tambaye ni inda na samo maganin. Na ce a kasuwa. Ta ce wace kasuwa, wane shago? Na ce na manta. Ta cire gilashinta ta daɗe tana kallona, ta ce, "Malam, ka san abin da kake yi wa kanka?" Na ce na sani. Lauyan ya rufe fayil ɗinsa a hankali.

Sai aka shigo da Yaya a matsayin kocina. Ya sa kwat. Na ɗauka zai ce bai san komai ba ya tashi, da hakan ma ya ishe shi. Bai tsaya nan ba. Ya ce kullum yana gargaɗin 'yan wasansa kada su sha abin da ba shi da suna. Ya ce ya lura na canja, ya tambaye ni, na rantse masa ba komai. Ya ce abin ya fi yi masa ciwo fiye da kowa, don ƙaninsa ne, amma doka ba ta san ɗan'uwa ba. Har muryarsa ta yi rawa, ɗaya daga cikinsu ya tura masa ruwa. Ni ina zaune taku uku daga gare shi. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya.

Shekara huɗu suka ba ni. Ba gudu, ba koyarwa, ko filin wasa na hukuma ba zan taka ba. Na mayar da lambar azurfar a cikin ambulan, wani magatakarda ya karɓa ya jefa a durowa yana amsa waya. Da na fito Dogo ya miƙe ya ce yaushe za a kira shi. Na ce an gama. Ya kalle ni kamar zai mare ni, ya ce, "Kai ne ka sha guba, kai ne kuma ka wanke kofin." Ya tafi. Shi ya maye gurbina a gasar ƙasashe, kuma na ji daɗi da ya zama shi, amma har yau ba ya ɗaga wayata.

Yanzu ina aiki a wani babban sito, ina jera kwalaye daga bakwai zuwa biyar. Ranar da na fara, wani direba ya gane ni, ya ce wa sauran, "Ku yi hankali da wannan, in ya sha abinsa zai kwashe sito ɗin a minti goma." Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Sunan da suka sa mini Mai Ƙwaya, kuma ina amsawa.

A takardarki ta biyu kin ce an ba Yaya babban koci, za a taru a gida ranar Asabar mai zuwa a taya shi murna, in zo don kada mutane su yi magana. Ba zan zo ba, Inna. Shiru kika nema, na ba ki. Ba ki ce sai na zauna a tabarma ɗaya da shi ina murmushi ba, kuma ina roƙonki kada ki ɗora albarka a kan wannan ma, don ban san abin da zan yi ba in kika ɗora. Yanzu 'yan wasa sun fi arba'in a hannunsa, kowannensu ɗan wata ne. Ke da yake jin maganarki, ki tambaye shi abin da yake dama musu.

Kin kuma tambaye ni ko na yafe masa. Ban sani ba tukuna. Na duba takardun nan biyu gaba da baya, na ga sunansa sau goma sha ɗaya, na ga batun 'ya'yansa, na ga batun abin da mutane za su ce. Ban ga inda kika tambayi cikina ba. Ba gori nake yi miki ba, na san ke ma ba ki yi barci ba. Amma bari in amsa, ko da ba a tambaya ba.

Gyambon ya warke. Na shanye jajayen ƙwayoyin likitar, jinina ya dawo daidai, ƙanƙara ma yanzu ko ganinta ba na so. Gajiyar ta tafi gaba ɗaya. Kowace safiya kafin aiki nakan fita ni kaɗai in bi bayan sito har gadar jirgin ƙasa in dawo, kilomita goma sha shida, ba gora, ba usur. Jiya na duba agogo. Inna, rabon da in yi sauri haka tun ina ɗan shekara ashirin da biyar, kuma ba inda zan kai shi.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Ki gaida Goggo.

Ɗanki,
Auta